Leda mai huji-huji: yadda ake yanka ta, a ɗinka, a ɗora ba ta yage ba

Sati shida kacal da na sallami wata doguwar Peugeot 406 mai jigilar fasinja daga tashar Kawo ta Kaduna zuwa Kano, sai ga direban ya dawo min da ita bakin shago. Ko gaisawa ba mu gama ba ya buɗe ƙofar gaba ya ce, "Maigida, zo ka ga aikinka." Kujerarsa ta buɗe daga wajen gwiwa har kusan majingina, a miƙe sak kamar an aza rula an bi da reza, soso na leƙowa. Na duƙa na duba. Zaren yana nan daram, ko sili ɗaya bai tsinke ba. Ledar ce ta rabu a kan layin ɗinkin, daga huji zuwa huji, yadda ake yage rasit daga littafinsa.

Ba zan ɗora wa yaron da ya ɗinka laifi ba, tunda ni ne ban duba keken ba kafin ya hau. Ya matse tazarar ɗinkin don aikin ya fito da kyau a ido, kuma allurar fata ce a jikin keken tun daga wani aikin da ya gabata. Na sake kujerun biyu na gaba da kuɗina. Abin da ke biye shi ne tsarin da nake bi tun daga lokacin, ni da yaran shagona a nan kasuwar Panteka ta Kaduna.

Mece ce wannan leda, kuma me ya sa take yagewa

Abin da muke kira leda a sana'ar kujeru ba abu ɗaya ba ne, hawa-hawa ce da aka manne. A sama akwai fatar roba, ko dai PVC ko PU, wadda aka yi wa zanen fata. A ƙarƙashinta sau da yawa akwai ɗan siririn kumfa. A can baya kuma akwai yadi, yawanci saƙa mai miƙewa irin ta singileti, da zaren foliyesta. Ƙarfin ledar kusan duka a wannan yadin na baya yake. Fatar sama ado ce da kariya daga ruwa da datti. Mai huji-hujin kuwa an bi ta da ƙananan ramuka ne don iska ta ratsa, bayan mutum ya daina jiƙewa da gumi, abin da duk wanda ya tuƙa mota a Kaduna cikin Maris da Afrilu ya san amfaninsa.

Matsalar ita ce kowane rami yana tara nauyi a gefensa. Wani malamin injiniya daga Kaduna Polytechnic da ke maƙwabtaka da mu, wanda yake kawo min motarsa, shi ya zana min wannan da alli a kan teburin yanka. Idan ka ja shimfiɗaɗɗen abu mai zagayayyen rami guda, ƙarfin jan da ke gefen ramin ya ninka na sauran wurin sau uku. Wani Bajamushe mai suna Kirsch ne ya fitar da lissafin a 1898. A 1913 kuma wani Bature ɗan Ingila, Inglis, ya yi lissafin ramin da ke da siffar ƙwai. Idan tsawon ramin ya ninka faɗinsa sau uku, kuma yana kwance a gicciye da inda ake ja, ninkin ya kai bakwai. Ka juya ramin nan ɗin dai ya bi hanyar jan, ninkin bai kai biyu ba. Tsaga kuwa, wadda bakinta ke da tsini, ita ce mafi muni, domin duk nauyin yana taruwa a kan tsinin. Ya ƙara min da labarin jiragen sama ƙirar Comet na Ingila, waɗanda biyu daga cikinsu suka tarwatse a sama a 1954, bincike ya gano tsagewar ƙarfen jikinsu ta faro ne kusa da kusurwoyin kafofi masu siffar murabba'i. Leda tana miƙewa, don haka tana yafe abin da ƙarfe ba ya yafewa, lissafin ba zai zo daidai-wa-daida ba. Amma ƙa'idar tana aiki: zagayayyen rami mai santsin baki yana jurewa, tsini ne ke buɗe ƙofar yagewa.

Masana'anta ta riga ta yi nata ramukan a zagaye. Tsinin yawanci mu ne muke kawo shi, da almakashi, da allura, da fin ɗin da muke harbawa wajen ɗauri.

Mataki na farko: gwada ta kafin ka saya da yawa

Kada ka yarda da kallon fuska. Juya ta ka dubi bayan. Yadin da saƙarsa ta cika, wanda ba ka hango fatar roba ta tsakanin zarensa, shi ne mai riƙewa. Wanda ya yi kama da gidan sauro, ko wanda yake kamar audugar da aka danne ba saƙa, ajiye shi. Sa farce a gefen ka gwada raba fatar da yadin. In ta ɗago ba wahala, ranar da zafin mota ya dafa gam ɗin za ta ɗago da kanta, kuma da zarar fata ta rabu da yadi a gefen rami, ba abin da ke riƙe ta.

Ɗaga ta sama ka kalli ramukan a hasken rana. Abu biyu kake nema. Na farko tsarin jerin: akwai wadda ramukanta suka jeru layi-layi kamar shuka a kunya, akwai wadda aka karkata, ramin layi na biyu ya faɗo a tsakanin biyu na layin farko. Ta biyun ta fi, domin tsaga ba ta samun miƙaƙƙiyar hanya cikin sauƙi daga layi zuwa layi. Na biyu bakin ramin. In ka ga gashi-gashi ko 'yan tsage-tsage a kewayensa, ƙarfen da ya huda shi ya dakushe, kuma kowace 'yar tsagar nan yagewa ce da ke jiran ranarta.

Sayi rabin yadi ka kai shago. Yanko zirin biyu, kowanne faɗin santimita 5 tsawon santimita 20, ɗaya ta tsawon bandir ɗaya ta faɗinsa. A kan kowanne yi alama biyu da tazarar santimita 10. Matse kan zirin tsakanin katako biyu, ka rataya jarka mai lita 5 na ruwa a ƙasa, wato kilo 5 ke nan. Auna tazarar alamun nan take, ka bar shi ya kwana, ka sake aunawa, sannan ka sauke jarkar ka auna bayan awa guda. Za ka ga wane ɓangare ya fi miƙewa, kuma a mafi yawan ledar da ke da saƙaƙƙen baya faɗin bandir ne. Za ka kuma ga ko tana komawa. Wadda ta miƙe ta ƙi dawowa za ta yi jaka a kan kujera cikin wata biyu, jakar ta riƙa ninkewa, ninkin ya bi layin ramuka ya karye.

Sai gwajin wando. Tsaga wani zirin a tsakiya zuwa rabinsa ya zama kamar ƙafafun wando, ka ja ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya. Leda ta gari tana yi maka gardama, tana tafiya tana tsayawa, zaren baya na tsinkewa ɗai-ɗai. Maras kyau kuwa zuruf take tafiya har ƙarshe.

Yana da kyau ka san ko PVC ce ko PU. Ɗauki tsinken wayar tagulla, ka gasa shi a wutar gas har ya yi ja, ka taɓa ledar da shi, ka mayar cikin wutar. In harshen wutar ya yi kore, akwai sinadarin kilorin, PVC ce. A waje za ka yi wannan, kada ka shaƙi hayaƙin. Bambancin yana da amfani a garinmu: PVC zafi ne ke cinye man da ke tausasa ta har ta bushe ta fara tsagewa, PU kuwa danshi da zafi ne ke ruɓar da ita ta riƙa saɓulewa, don haka kada ka ajiye bandirinta a ƙasan siminti cikin Agusta. Ga motar haya ni PVC mai kauri nake zaɓa, ko da PU ta fi laushi a hannu.

Mataki na biyu: san inda za ka sa ta

Leda mai huji ba ta kujera duka ba ce. Wurinta tsakiyar mazauni da tsakiyar majingina, inda jiki ke kwanciya a danne ba goga. Kafaɗun gefe, musamman na ɓangaren ƙofar direba inda yake murzawa duk shiga da fita, da gaban kujera inda ledar ke lanƙwasawa ƙasa, da duk inda za a ja a ɗaure, nan maras huji ake sawa. Dubi kujerun da suka zo daga kamfani, haka aka yi su, ba don rowa ba.

Masu babur sukan zo suna son ta don kwalliya. Ina gaya musu gaskiya: ruwan sama zai bi ramukan ya cika soson, ka wuni da jiƙaƙƙen wando, soson ya ruɓe, ga shi sirdin babur ja ake yi masa sosai ta kowane gefe. Wanda ya nace nakan sa masa siririn zirinta a tsakiya da maras huji a ƙarƙashi, ado kawai.

Wajen shimfiɗa fatun, wato samfurin da ake bi a yanka, a kan bandir, wanda faɗinsa yawanci inci 54 ne, ni ɓangaren da bai cika miƙewa ba nake sawa daga gaba zuwa baya, inda nauyin zama da jan ɗauri suke, mai miƙewar kuma ya tafi gefe da gefe. Duk guntayen kujera ɗaya su fuskanci wuri ɗaya. Kada ka juya wani guntu don ka tsira da rabin yadi.

Mataki na uku: yanka

Sabuwar reza ko almakashin da aka wasa ranar. Dakusasshen ƙarfe ba ya yanke yadin baya, jan sa yake yi, ya bar zare a sake a bakin yankan. Zana da alli ta baya, ka yanka da dogon zuwa, ba tsinke-tsinke ba, domin duk inda almakashi ya tsaya ya sake tashi yana barin ɗan haƙori.

Ba makawa layin yankan zai ratsa wasu ramuka ya bar su rabi-rabi a baki. Ba laifi, muddin sun tsaya cikin rarar da ke bayan ɗinki. Shi ya sa nake barin rarar santimita ɗaya da ɗan ɗori, ba na yarda da ƙasa da ɗaya.

Kusurwar ciki ita ce wurin da ake yawan yin ɓarna, kamar inda ledar ke kewaye ƙarfen matashin kai ko makullin bel. Kada almakashi biyu su haɗu a kusurwa su yi tsini. Fara huda zagayayyen rami a daidai kusurwar da ƙarfen huda mai rami a ciki, milimita 4 ko 5, sannan ka yanko daga baki ka faɗa cikin ramin. Haka tsage-tsagen da ake yi a rarar ɗinki don lanƙwasa ta kwanta: kada su matso kusa da zare fiye da milimita 3, kuma in wurin zai ɗauki nauyi, kowace tsaga ta ƙare a cikin zagayayyen rami. Alamar haɗa guntu da guntu da alli za ka yi, ka bar al'adar ɗan tsinka bakin da almakashi.

Fil kuma babu shi a wannan aikin. Yadi yana rufe ramin fil, leda ba ta rufewa. Riƙe da 'yan maƙalai, ko tef mai gam ta fuska biyu a cikin rarar.

Kafin ɗinki, a goya wa guntun mai huji siririn soso mai yadi a bayansa, milimita 6 ko kusa da haka. Shi ne ke karɓar wani kaso na jan, ya hana ledar miƙewa fiye da ƙima. Gam ɗin a jikin soso za ka shafa, shafa kaɗan, ka bari ya sha iska har ya daina kama yatsa. In ka shafa a bayan ledar, zai bi ramukan ya fito fuska, ya toshe iskar da aka sayi ledar dominta, ya riƙa kama ƙura. Ni sau da yawa ma gefe kawai nake bi da ɗinki na haɗa su, ba gam.

Mataki na huɗu: ɗinki

Nan ne kujerar 406 ɗin nan ta mutu, don haka bari in daɗe a kai.

Lambar da ke jikin allura tana gaya maka kaurinta. Allura mai lamba 110, wadda ake rubutawa 110/18, kaurinta milimita 1.1 ne. In ka sa tazarar ɗinki milimita 2, fiye da rabin layin nan allura ta ratsa shi. Ka mayar da ledar kan sarki, irin wanda ake yagowa daga takardarsa a gidan waya. In tazarar milimita 5 ce, abin da allura ta taɓa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Saboda haka ɗinkin haɗi milimita 4 zuwa 5, wato ɗinki 5 ko 6 a inci guda, na ado a sama kuma 5 zuwa 6. Kada ka yarda da lambar da ke jikin maɓallin keke, musamman tsohon keke. Ɗinka a ƙyalle ka aza tef ka ƙirga.

Bakin allura ma abin dubawa ne. Allurar fata bakinta wuƙa ne, yanka take yi. A fatar gaske hakan daidai ne. A leda kuwa tana datse zaren saƙar baya, ta bar 'yar tsaga mai tsini biyu a kowane ɗinki, ainihin abin da malamin nan ya zana min da alli. Allura mai zagayayyen baki ake so, wadda ke ture zare gefe ta wuce. Ka kuma yi amfani da mafi sirantar da zarenka zai bi ba ya tsinkewa. In allura ta taɓa ƙarfe ko ta fara ƙara tana ƙwas-ƙwas, canja ta, kuɗinta bai kai na inci ɗaya na leda ba.

Zare na nailan ko foliyesta. Ga abin da zai sha rana foliyesta ya fi jurewa. Ɗaurin zaren kada ya yi tsauri. Ka ga yadda mata ke yanka sabulu da zare? Haka zare mai tsauri yake yi wa leda in mutum ya zauna ta miƙe, shi kuma ya ƙi miƙewa. Sassauta har ƙullin ya ɓuya a tsakiyar kaurin, ɗinkin ya kwanta ba tattara. Gwada da hannu: ja ɗinkin ta tsawonsa, in ka ji zare na ƙara kamar zai tsinke tun ledar ba ta gama miƙewa ba, da saura.

Sannan inda layin zai bi. A leda mai jerin ramuka miƙe, kada layin ɗinki ya hau kan jeri, ya bi ta tsakanin jeri biyu. Wannan tun wajen yanka ake shirya shi, ka daidaita fatun da ramukan. A lanƙwasa ba zai yiwu ba, dole ka ratsa wasu, shi ya sa nake sa ƙarfafa a baya: zirin yadi mai ƙarfi maras miƙewa, faɗin kamar inci ɗaya, a shimfiɗa a ƙarƙashin haɗin. Ka buɗe rarar biyu, ka bi kowane gefe da ɗinkin sama ya kama zirin. Yanzu in an zauna, zirin ne ke ɗaukar jan, ba ramukan allura ba. Ɗinkin saman ya nisanci na haɗin da milimita 5 ko 6. Layi biyu kusa da juna suna yanke ɗan tsakaninsu.

Komawa baya don kulle ɗinki a farko da ƙarshe al'adar tela ce, kuma a leda illa ce in an maimaita, domin allura tana faɗawa kusa da ramin farko ta haɗe su su zama tsaga. Ɗinki biyu baya sun isa, a cikin rarar da wani ɗinkin zai haye. A ɗinkin ado jawo zaren biyu baya ka ƙulla da hannu. In ka yi kuskure ka farke, kada ka sake bin layin da ƙafa a kan fedar injin keken. Ko dai ka juya keken da hannu allura ta koma cikin tsofaffin ramukan ɗaya bayan ɗaya, ko ka matsa ciki da milimita 3 zuwa 4 tsofaffin su koma cikin rara.

Leda tana manne wa ƙafar keke. In ta manne, yaro sai ya riƙa jan ta ta baya, allura tana ciki, ramin ya zama dogo. Keken da ƙafarsa ke tafiya tare da haƙoran ƙasa shi ne na wannan aikin. In ba ka da shi, sa ƙafar Teflon, wato mai santsin da leda ba ta manne mata, ko ka shimfiɗa siririyar takarda a kai ka yage bayan ɗinki. Nakan gaya wa yarana, "Kai, raka ta za ka yi, ba ja ba."

Mataki na biyar: ɗorawa

Duba soson kujerar tukuna. In ya lotsa a tsakiya ko gefensa ya guntule, sabuwar leda za ta tsaya a kan rami kamar fatar ganga, duk zama sai ta miƙe ta cike gurbin. Cike soson, ka rufe duk ƙarfen da ya fito. Masu mota ba sa son biyan kuɗin wannan, amma ni ba na ɗora mai huji a kan mataccen soso.

Da sanyin safiyar hunturu leda tana ƙagewa. Shanya rigar kujerar a rana minti goma zuwa sha biyar ta yi laushi. In da na'urar hura zafi za ka yi aiki, daga nesa, hannu na yawo, kuma ka nisanci wurin ramukan, domin zafi kan sa su buɗe su zama dogaye su ƙi komawa. Rufe kafaɗun soson da siririyar ledar ƙunshin kaya don rigar ta zame, ka zare ta bayan ta zauna. Juya rigar ciki waje, ka daidaita tsakiya, ka naɗo ta ƙasa a hankali. Ja da tafin hannu a kan haɗin da aka ƙarfafa, ba da kan yatsu a tsakiyar mai huji ba.

Ramukan da kansu ma'auni ne. In ka ga sun fara komawa siffar ƙwai, jan ya yi yawa a wurin, sassauta ka raba shi.

Zoben ƙarfen da ake ɗaurewa da shi kada ya taɓa ledar. Ɗinka aljihun yadi a baki, ka zura waya a ciki, zoben ya kama wayar, nauyin ya rarrabu a tsawonta. Inda fin za ka harba a katako ko roba, ya faɗa a kan maras huji, a ninka bakin biyu. Fara da tsakiyar gaba, sai tsakiyar baya, sai gefe da gefe, sannan ka cike. Kada fin ɗin su jeru a layi ɗaya manne da juna, a karkata su layi biyu, kuma kada bugun ya yi ƙarfin da bayan fin zai nutse ya yanke fatar.

In kai za ka huda

Wani lokaci kalar da mai mota ke so babu mai hujinta a kasuwa. Ana iya hudawa da hannu in guntun ƙarami ne, amma aiki ne na haƙuri. Ƙarfen huda mai kaifi mai rami a ciki, wanda ke cire ɗan da'ira, a kan katako mai tauri ko allon roba. Ƙusa da basilla ba sa cire komai, fasawa suke yi. Zana tsarin a kwali, karkatacce, ka bar tazarar da ta kai faɗin rami sau huɗu tsakanin rami da rami, da kuma santimita 2 ba huji a kewaye inda ɗinki zai bi. Wannan fa'ida ce da ta kasuwa ba ta ba ka. Kada ka huda PVC da jan ƙarfe mai zafi. Hayaƙinta yana ƙona maƙogwaro da ido.

Teloli masu ɗinka bel ɗin ɗaure ciki da na gwiwa da niyofirin mai huji, wato robar nan mai yadi a fuska biyu, ƙa'idar ɗaya ce da bambanci kaɗan. Allura mai dunƙulallen baki lamba 90/14, ɗinkin zigzag mai faɗi domin miƙaƙƙen ɗinki ba ya miƙewa tare da robar, a naɗe baki da zirin yadi mai miƙewa, kuma maƙalli ko ƙugiya su zauna a kan ƙarin yadi mai zagayayyun kusurwoyi, ba a kan ramukan kai tsaye ba.

In ta fara yagewa

Tsayar da ita ranar da aka gani. Huda ɗan zagayayyen rami a kowane ƙarshen tsagar, ka kashe tsinin. Yanko yadi mai ƙarfi da ya zarce tsagar da santimita 2 zuwa 3 ta kowane gefe, ka zagaye kusurwoyinsa, ka zura ta ciki da ɗan tsinke ya kwanta a bayan. Shafa gam mai lanƙwasuwa irin na takalmi, ka haɗa leɓɓan, ka danne da nauyi ya kwana. Kada ka sa sufa gulu. Yana ƙamewa kamar gilashi, ledar ta karye a bakinsa, ramin da ya fi na farko ya buɗe. A mazaunin direba faci na ɗan lokaci ne, ka faɗa wa mai motar haka, ranar da ya samu sarari a canja guntun gaba ɗaya.

Lokacin miƙa makulli nakan ce, "Alhaji, abu uku nake roƙo." Kada yaran wanki su goge ta da fetur, kananzir ko ruwan bilic, domin suna busar da fatar, tsumma mai ɗan danshi da sabulu kaɗan ya isa, a matse shi sosai kada ruwa ya bi ramukan. Da hunturu a riƙa bin ta da buroshi mai laushi, saboda ƙurar da ke cika ramukan tana cin bakinsu duk lokacin da aka zauna. In mota za ta wuni a rana, a sa mata kariya a gilashin gaba ko a jefa tawul a kan kujerar, tunda leda baƙa a rufaffiyar mota tana haura digiri 60. Akwai na huɗu da nake gaya wa direbobin haya su kaɗai, su ne masu cusa sukundireba da tarin makullai a aljihun baya: a ciro su kafin a zauna.